Karl Elsener: Maƙerin Da Bashi Ya Kusa Kashe Wa Kasuwa

Duk wanda ya yi sikawut a firamare ko sakandare ya san irin kallon da ake yi wa yaron da ya zo sansani da 'yar wuƙar nan mai naɗewa, wadda za a ciro mata ruwa ta nan, a ciro mabuɗin gwangwani ta can. Ranar shi ne sarki. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa akwai dattawa da suka mai da tara tsofaffin irin waɗannan wuƙaƙe abin yi, suna bin gwanjo suna saye, suna goge su suna jerawa a akwatin gilashi. In ka zauna da su, ba za a daɗe ba sai sunan mutum ɗaya ya fito, wato Karl Elsener. Na ga ya dace mu 'yan kwalejin fasaha mu san shi, don shi ma ɗan aikin hannu ne irinmu.

An haife shi ranar 9 ga Oktoba 1860 a yankin Schwyz na ƙasar Suwizalan. Mahaifinsa sana'ar huluna yake yi, amma shi Karl sai ya zaɓi ƙira. Ya koyi ƙera wuƙa a gida, sannan ya shiga yawon ƙaro sani kamar yadda masu sana'a ke yi a zamanin, ya yi aiki a Faris, ya kuma yi a Tuttlingen ta Jamus, garin da ya yi suna wajen kayan tiyata. A 1884, yana ɗan shekara 24, ya dawo ya buɗe maƙerarsa a ƙauyen Ibach. Mahaifiyarsa Victoria ce ta tsaya masa, har tana sayar masa da wuƙaƙe a shagonta.

Kada wanda ya ji Suwizalan ya ɗauka ta yau ce mai bankuna da agogo masu tsada. A wancan lokaci Schwyz yankin manoma ne da makiyaya, aiki ya yi ƙaranci, samari na ta tattara komatsansu suna ƙetare teku. Wannan ya tsaya wa Elsener a rai, burinsa a samu abin yi a gida.

To, sai dama ta zo ta hannun soja. Rundunar ƙasar ta karɓi sabuwar bindiga ƙirar Schmidt-Rubin ta 1889, wadda sai da sukudireba ake kwance ta a goge. Ga kuma abincin gwangwani da aka fara ba sojoji. Sai hukuma ta tsara wuƙa guda da za ta haɗa abu huɗu: ruwan yanka, sukudireba, mabuɗin gwangwani, da basillar huda fata, ƙotarta kuma ta baƙin katako. Ita ce ake kira samfurin 1890. Abin kunyar shi ne, duk faɗin ƙasar ba a samu masana'antar da za ta iya ƙera adadin da ake so ba. Kwangilar farko ta wuƙa 15,000 sai ta tafi wa kamfanin Wester da ke Solingen a Jamus.

Elsener bai ji daɗin haka ba. A 1891 ya haɗa kan maƙeran ƙasar suka kafa ƙungiya don su yi aikin tare, kafin ƙarshen shekarar kuwa sun fara kai wa soja wuƙa ƙirar gida. Sai dai fa lissafi bai san kishin ƙasa ba. Solingen na da manyan masana'antu, tana fitar da kaya da yawa a kan araha, su kuwa waɗannan ƙananan maƙera ne masu aiki da hannu. Ba a je ko'ina ba abokan tafiya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Aka bar shi shi kaɗai da kwangila, da ma'aikata, da bashi har wuya. Dukiyarsa ta narke, sai da dangi suka sa hannu kafin ya tsira daga rufe shago. Ni a ganina nan ne labarin yake, ba a jar ƙotar da kowa ya sani ba. Mutum ne da ya tara jama'a da kyakkyawar niyya, suka watse suka bar shi, kuma bai da wanda zai kai ƙara, don su ma gaskiyarsu ce, asara ake yi.

Abin da ya fitar da shi dabara ce ta kanikanci, 'yan sashen injiniya sai ku matso. A wuƙa mai naɗewa, akwai sifirin na ƙarfe kwance a bayan ƙota, shi ke danne gindin ruwan wuƙar ya riƙe shi ko a buɗe ko a rufe. In ka ce kowane abu sai da nasa sifirin, wuƙa za ta yi kauri ta yi nauyi, aljihu ma ya gaji da ita. Elsener sai ya tsara yadda sifirin ɗaya zai yi aiki wa abin da ke wannan gefe da na wancan gefe, har da na baya. Da sifirin biyu kacal ya ɗora abu shida: huɗun nan na soja, ya ƙara ƙaramin ruwa da abin zare toshiyar kwalba. Ta fito marar nauyi, mai kyan gani. Ranar 12 ga Yuni 1897 ya yi mata rajista da sunan wuƙar hafsoshi da 'yan wasanni.

Wani abin dariya, soja ba su taɓa ɗaukarta a hukumance ba. Hafsoshi ne suka riƙa saye da kuɗin aljihunsu, farar hula suka bi sahu, kasuwa ta buɗe. Da wannan ya farfaɗo ya biya masu binsa bashi.

Gasa dai ba ta ƙare ba. Tun 1893 wani kamfani a yankin masu jin Faransanci, wanda daga baya ya zama Wenger, shi ma ya shiga yi wa soja wuƙa, a 1908 kuma gwamnati ta raba kwangilar biyu tsakaninsu. A 1909 mahaifiyarsa ta rasu, sai ya sa wa kayansa sunanta, Victoria. A shekarar ce kuma ya fara manna tambarin garkuwa mai ɗauke da alamar tutar ƙasar, don a bambanta nasa da na masu kwaikwayo. Masu jabu ba yau suka fara ba ke nan.

Ina sikawut ta shigo? Baden-Powell ya yi sansaninsa na farko a tsibirin Brownsea a 1907, ƙungiyar ta isa Amurka a 1910, kamfanoni irin su New York Knife da Remington da Ulster da Camillus suka riƙa ƙera wa yaran wuƙa. In ka buɗe ta gargajiyar, abu huɗu za ka gani: ruwa, mabuɗin gwangwani, sukudireba, basilla. Bukatar soja a daji da ta yaro a sansani kusan ɗaya ce. Shi ya sa masu tarawa kan ajiye su a jere ɗaya. Abin da suke fara dubawa kuwa shi ne hatimin da ke gindin ruwan wuƙar, don shi ke faɗin wanda ya ƙera da zamanin da aka yi. Sai su duba ko sifirin na nan da ƙarfinsa, ko kuma wani ya cinye ruwan da wasawa. Da yawansu ma sun fi son tsohuwa da dattinta na asali a kan wadda aka goge har hatimin ya shafe.

Elsener ya rasu ranar 26 ga Disamba 1918, yana da shekara 58, ɗansa ya gaje shi. Bai ga yadda sojojin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa jidar wuƙarsa suna kai tsaraba gida ba, inda sunan Jamusancin ya gagari harshensu suka laƙaba mata wuƙar sojan Suwizalan. Bai ga ranar da 'yan sama jannati suka tafi da ita sararin samaniya ba, ko 2005 da jikokinsa suka saye Wenger. Kai, ko sunan kamfanin bai taɓa ji ba. Sai a 1921, shekara uku bayan rasuwarsa, da aka fara aiki da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Faransawa ke kira inox, aka haɗa shi da sunan tsohuwa aka samu Victorinox. Masana'antar tana nan a Ibach har gobe, a hannun zuri'arsa.