Ibnul Haisam: Malamin Da Ya Bayyana Yadda Ido Ke Gani



An haifi Alhasan Ibnul Haisam a Basra wajen shekarar 965 Miladiyya. Halifan Masar, Alhakim, ya gayyace shi domin ya shawo kan ambaliyar kogin Nilu. Da ya isa Aswan, sai ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa. An ruwaito cewa tsoron fushin halifa ya sa ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har Alhakim ya kau a 1021.

Babban littafinsa shi ne Kitabul Manazir, juzu'i bakwai. A cikinsa ya tabbatar, ta hanyar gwaji, cewa haske ne ke tasowa daga abin da ake kallo ya shiga ido. Ya kuma binciki yadda haske ke karkata idan ya ratsa ruwa ko gilashi, wanda shi ne tushen aikin gilashin da ke ƙara girman wata a tabaran hangen nesa. An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572, shekara 36 kafin wannan tabarau ya bayyana a Holan.

Juzu'i na uku kuwa ya keɓe shi ga kurakuran gani. Wannan ya shafe mu a Bulpiela da sauran unguwannin Tamale lokacin duban jinjirin wata. Gilashi yana taimakon ido, amma ido na ruɗuwa, don haka mu tantance shaida kafin mu ɗauki azumi ko mu ajiye.

Ya rasu a Alkahira wajen 1040. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.