Tarihin Likita Jackson, Wanda Ya Gano Mazaunin Farfaɗiya

An haifi John Hughlings Jackson a arewacin ƙasar Ingila cikin shekara ta 1835. Ya yi karatun likita a birnin York, sa'an nan ya tasam ma Landan a 1859. A lokacin nan zuciyarsa ta karkata ga ilmin falsafa, har ya ƙudura barin likitanci, sai abokinsa Jonathan Hutchinson ya tausa shi ya zauna. A 1862 ya kama aiki a asibitin masu shanyewar jiki da farfaɗiya na Queen Square, ya shekara arba'in da ɗoriya a nan.

Galibin likitocin Turai na zamanin sun tafi a kan cewa farfaɗiya daga gindin ƙwaƙwalwa take tasowa, inda ta haɗu da laka. Saman ƙwaƙwalwa kuwa, a ganinsu, ba ruwansa da motsin gaɓoɓi. Jackson ba ya gwaji a kan dabba, jarinsa ido ne da haƙuri. Ya bar masu faɗuwa gaba ɗaya, ya tsura wa waɗanda cutar ke kama wa gefe guda ido. Sai ya lura karkarwar takan fara daga babban yatsan hannu, ko gefen baki, ko babban yatsan ƙafa, kāna ta bi gaɓoɓi daki-daki: yatsa, hannu, dantse, fuska, ba ta tsallake.

To, ga inda basirar take. Ya kafa hujja cewa tun da karkarwa tana bin tsari, lalle kowace gaɓa tana da mazauni a saman ƙwaƙwalwa, suna jere kamar rumfunan kasuwa. Farfaɗiya kuwa tartsatsi ne mai tsanani da ke tashi farat ɗaya a mazauni guda, ya ci na kusa da shi, kamar gobara a layin rumfuna. Ya bayyana wannan a 1870, ya daɗa tace shi a 1873.

Amma da'awa ba ta tsayuwa sai da shaidu. Na farko sun fito daga Jamus, inda Fritsch da Hitzig a 1870 suka taɓa ƙwaƙwalwar kare da lantarki, ƙafar ɗaya gefen ta motsa. Sa'an nan David Ferrier, a 1873, ya yi gwaji musamman don ya jarraba maganar Jackson, har ya zana mazaunan gaɓoɓi a ƙwaƙwalwar biri. Da ya wallafa littafinsa a 1876, Jackson ya sadaukar wa. A 1878 su biyun, da Crichton-Browne da Bucknill, suka kafa mujallar Brain.

Babbar shaida ta zo ran 25 ga Mayu, 1886. Victor Horsley, likitan fiɗa, ya buɗe kan wani saurayi mai shekara 22 wanda keken doki ya buge tun yana yaro. Da alamun karkarwar aka ƙaddara wurin, aka sami tabo a nan, aka cire, farfaɗiyar ta ɗauke. Jackson da Ferrier suna tsaye suna kallo.

Wani abin tausayi: matarsa Elizabeth, 'yar'uwarsa ce ta jini, ta rasu a 1876 da ciwon ƙwaƙwalwa mai irin karkarwar nan da ya bayyana. Ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Charcot, shugaban likitocin jijiya na Faransa, shi ya raɗa wa wannan nau'i sunan farfaɗiyar Jackson, ko da yake wani Bafaranshe, Bravais, ya riga shi siffanta ta tun 1827.

Jackson ya rasu a Landan ran 7 ga Oktoba, 1911. Bai bar littafi ko ɗaya ba, sai ɗaruruwan maƙaloli warwatse cikin mujallu, masu wuyar karatu kuwa, don hashiya takan yi wa matani yawa. Almajirinsa James Taylor ne ya tattara zaɓaɓɓu daga ciki, aka buga su juzu'i biyu a 1931 da 1932.