Alhaji Isa Kaita: Malamin makarantar da ya karanta wa Hausawa labaran Yaƙin Duniya daga Akra

A Gozaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Ƙafur, har yau akwai manomin da ba ya fita gona sai ya rataya rediyonsa a kafaɗa. Da ita yake sanin farashin masara a Dandume, da ranar rabon taki, da abin da ke faruwa a Abuja da Gaza. Wayar hannu ta shigo, amma muryar mai karanta labarai ba ta rasa matsayinta ba a wannan yanki na Funtuwa da Malumfashi.

Sai dai idan ka tambayi wannan manomi su wane ne suka fara karanta labarai da Hausa ta rediyo, da wuya ya ambaci Alhaji Isa Kaita. Sunan ya fi shahara da Wazirin Katsina, da ministan ilimi na Jihar Arewa, da titin da ke Kaduna, da kwalejin da ke Dutsin-ma. Amma kafin rawani da kujerar minista, ya shafe shekara uku a gaban makirfo a wata ƙasa, a lokacin da duniya ke cikin yaƙi.

Daga allo zuwa makirfo

An haifi Isa Kaita a shekarar 1912 a gidan sarautar Katsina. Mahaifinsa Malam Haruna shi ne Wazirin Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar horar da malamai da aka buɗe a 1922, wadda daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. Ita ce makarantar da ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma zamaninsu ɗaya da shi a can.

Da ya kammala a 1932, sai ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, inda ya yi shekara tara. Aikin malami a wancan zamani shi ne ɗauko ilimin da ke rubuce da Ingilishi ya shigar da shi kan yaron da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ko teku ba. Wannan horo ne ya amfane shi a aikin da ya biyo baya.

A 1941 aka tura shi birnin Akra na ƙasar Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, domin ya zama mai gabatar da labarai da Hausa a tashar da ake kira ZOY. Ba shi kaɗai ya tafi ba. Tare da shi akwai Malam Bello Dandago na Kano, wanda daga baya ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta.

Me ya kai Hausa Akra?

Gwamna Arnold Hodson ne ya buɗe tashar ZOY a watan Yulin 1935. Da farko aikinta bai wuce kamo shirye-shiryen BBC daga Landan ta tura su ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a wasu gidaje na Akra ba. Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu a 1939 ya sauya komai. Turawan Ingila suka ƙara wa tashar ƙarfi, suka kuma shigo da harsunan ƙasa, har da Hausa.

Dalilan a fili suke. Na farko, sojoji. Rundunar Afirka ta Yamma cike take da ’yan Arewa, kuma Hausa ce harshen bariki. An kai su yaƙi Habasha a 1941, daga baya kuma aka tura runduna ta 81 da ta 82 zuwa Bama. Hedikwatar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma kuma tana Achimota ne, a gefen Akra.

Na biyu, Hausawan zango. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja Hausawa ke zaune a Salaga da Kumasi da Akra, kuma mazauna zango da yawa waɗanda ba Hausawa ba ne da Hausa suke ciniki.

Na uku, iyaka. Bayan da Jamus ta ci Faransa a 1940, Nijar da Dahomey da sauran ƙasashen renon Faransa na wannan yanki sun koma ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila, har zuwa ƙarshen 1942. Ma’ana, Katsina da Maraɗi, dangin juna, sun wayi gari a ɓangarori biyu na yaƙi. Jita-jita kuwa ba ta san kan iyaka ba. Da ayarin fatake take tafiya. Ingila na buƙatar muryar da za ta riga ta isa kunnen jama’a.

Nauyin da ke kan mai karatu

A nan aikin su Isa Kaita ya shigo. Labarin yana zuwa ne da Ingilishi, su kuma su mayar da shi Hausa, su karanta. Fassarar ba ƙaramin aiki ba ce. Mai sauraro bai san tankar yaƙi ba, bai san jirgin da ke tafiya ƙarƙashin ruwa ba, bai taɓa jin sunan garuruwan Rasha ko na Libiya ba. Dole mai karatu ya nemo kalmar da dattijo a zango da kurtu a bariki za su gane da ji ɗaya, domin rediyo ba kamar jarida ba ce da za a koma baya a sake dubawa. A Zariya, Abubakar Imam na fama da irin wannan aiki a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. Shi da alƙalami, su da murya.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: tashar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma labaran na lokacin yaƙi ne, an tace su domin ƙarfafa wa Ingila gwiwa. A daidai lokacin da ake shelar nasarori, talakan Arewa na ɗanɗana kuɗarsa. Ana matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa da auduga, kayan masarufi sun yi tsada, kuma daga 1942 aka riƙa kwasar mutane daga larduna zuwa aikin tilas a ma’adinan kuza na Jos. Mai karanta labarai a irin wannan tasha yana tsakanin wanda ya rubuta masa takarda da mutanensa da ke sauraro. Duk wanda ya taɓa aiki a gidan rediyon gwamnati a yau ya san wannan tsaka mai wuya ba ta ƙare da tafiyar Bature ba.

Haka nan akwatunan rediyo kaɗan ne a Arewa a lokacin. Sai a 1944 aka kafa rediyo mai waya a Kano. Duk da haka, abin da aka tabbatar a Akra ya zauna: Hausa na iya ɗaukar labarin duniya ta iska, kuma akwai masu saurarenta daga bakin teku har bakin hamada.

Dawowa gida

A 1944, shekarar da Sarki Dikko ya rasu Usman Nagogo ya gaje shi, Isa Kaita ya bar rediyo ya dawo Katsina ya zama sakataren sarki da na En’e. A 1948 ya tafi Exeter a Ingila ya karanci harkokin mulki. Yana cikin waɗanda suka kafa jam’iyyar NPC, ya riƙe mata sakataren kuɗi, ya kuma shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1951. A 1954 ya gaji Sardauna a kujerar ministan ayyuka, daga baya ya koma ma’aikatar ilimi, inda ya zauna har juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. A zamaninsa aka buɗe Jami’ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoban 1962. Ya riƙe sarautar Madawakin Katsina kafin ya gaji rawanin mahaifinsa na Waziri.

Rediyon Hausa kuwa ta ci gaba da girma a bayansa. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara shirinta na Hausa na minti 15, kuma muryar da aka fara ji ta wani ɗan ƙasar Katsina ce, Aminu Abdullahi Malumfashi, daga nan maƙwabtan Gozaki. A 1962 gwamnatin da Isa Kaita ke minista a cikinta ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ya zama makarantar da ta horar da manyan masu karanta labarai na Arewa.

Bayan faɗuwar Jamhuriya ta Farko ya zauna a Kaduna. A mulkin Shehu Shagari ya shugabanci Hukumar Ɗa’ar Ma’aikata, yana kuma cikin dattawan da suka yi fafutukar neman Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro ranar 23 ga Satumban 1987. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 1994 yana da shekara 82.

Wanda ya dubi rayuwarsa zai ga shekarun Akra ba ratse ba ne. A aji, da gaban makirfo, da ma’aikatar ilimi, aiki ɗaya ya yi ta yi: isar da abin da mutanensa ba su sani ba ta hanyar da za su fahimta. Matasan da ke karanta labarai a tashoshin FM na Katsina da Funtuwa a yau suna da kayan aikin da bai taɓa gani ba, amma tambayar da ke jiran su a kan tebur ita ce wadda ta jira shi a 1941: shin manomin da ke Gozaki ya gane abin da aka faɗa, kuma zai iya dogara da shi?

Allah Ya jiƙan Wazirin Katsina, Ya kyautata makwancinsa.