Marigayi Alhassan Ɗantata da Dukiyar Matan Gida

A wannan mako za mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda duk mutumin birnin Kano ya san sunansa, watau Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah ya jiƙansa. Galibi idan an ambace shi, dalar gyaɗa ce take faɗo wa mutane a rai. To, mu ta wata ƙofa za mu shiga, ƙofar matan da suka tsaya a rayuwarsa, domin akwai fiƙihu mai yawa a wurin, musamman ga magidantan da kuɗi ya hana gidajensu zama lafiya.

An haife shi a Bebeji wajen shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi yana daga cikin Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Mahaifiyarsa kuwa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta, ba a cikin aljihun mijinta take ba. Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan bai fi shekara 8 ba. Aka raba gado bisa shari'a, kowane yaro ya sami rabonsa, amma babu wanda ya isa juya shi a cikinsu. Amarya ta tashi ta koma Ankara, can ƙasar da ake kira Gana yau, inda take da harkokin ciniki, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka sami laƙabin Ɗantata.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata. Ga gida ɗaya, ga dukiya biyu. Ta miji ta watse da mutuwarsa, har rabon Alhassan ya ƙare tun yana makarantar allo, ya koma yana aikin ƙarfi kamar sauran almajirai don ya ci. Ta mata kuwa ta tsaya da ƙafarta, domin tun farko ba a cakuɗa ta da ta miji ba. Wannan shi ne tsarin shari'a. Abin da mace ta mallaka, ko sadaki ne, ko gado, ko ribar sana'a, nata ne ita kaɗai. Nafaƙa, watau ci da tufafi da wurin kwana, tana kan miji ko da matar ta fi shi arziki nesa ba kusa ba. Abin da malamanmu na Malikiyya suka ba miji shi ne ikon hana ta kyautar da abin da ya wuce sulusin dukiyarta, kuma a kan kyauta aka yi maganar, ba a kan saye da sayarwa ba. Da yawa daga magidanta sun ji rabin wannan hukunci, suka mayar da shi izinin ɗebo kuɗin adashin mace, alhali kuwa hana ɓarna daban, mallaka daban.

Game da gadon yaran kuma, Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a riƙa kasuwanci da dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Ashe ajiye kuɗin maraya a tukunya har ya girma bai isa kulawa ba, sai an juya shi.

Tata ba ta da abin da za ta bar wa Alhassan sai ɗabi'a guda. Ita ce ta koya masa asusu, ya riƙa jefa ɗan abin da ya samu, ba ya taɓawa. Da abin da ya tara haka ya fara ƙananan saye-saye, har yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka ya bi ayarin Gwanja ya je ya ga mahaifiyarsa. Sa'an nan Basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, ta ci Bebeji, aka kama shi, sai da aka biya fansa. Wanda ya ga dukiya ta tafi sau biyu kafin ya yi gemu, ba sai an yi masa wa'azin tattali ba.

Wajen 1906 ya fara ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, maimakon watannin da ayari yake yi a ƙasa. Da jirgin ƙasa ya soma aiki tsakanin Ikko da Kano a 1912, ya riga ya san inda kasuwa ta dosa. Ya zauna cikin birni, ya gina gida a Sarari, gefen unguwar Ƙoƙi. A 1918 kamfanin Neja ya ɗauke shi mai saya masa gyaɗa, cikin 'yan shekaru kaɗan ya wuce duk abokan sana'arsa.

A wannan zamani ne ya auri Umma Zariya, ita ce kuma ta riƙa gudanar masa da ciniki tsakanin matan birni. Wanda bai san Kano ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Matan kulle suna da kasuwa tasu a bayan zaure, ta tufafi da duwatsun ado da man gyaɗa, kuma namiji komai kuɗinsa ba ya shiga. Ɗantata ya gane cewa rabin masu sayen kayansa suna inda ƙafarsa ba ta zuwa, ya ɗauki matarsa abokiyar aiki. Shari'a ta san irin wannan hulɗa ta ba ta suna. Ko dai wakilci ne, ko kuwa ƙiradi, watau ɗaya ya kawo jari, ɗaya ya yi aiki, a yanka rabon riba tun kafin a fara, kamar rabi ko sulusi, idan kuma aka yi hasara ba da sakaci ba, mai jari ne ya ɗauka. Aure bai soke ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba. A ganina, mafi yawan rigimar kuɗi da ke kai ma'aurata gaban alƙali daga nan take tasowa: miji ya karɓi kuɗin matarsa, shi yana ganin taimako ne, ita tana ganin rance ne, babu wanda ya furta, babu shaida. Kunya ce take hana su magana ranar karɓa, kuma ba ta hana su tonon silili ranar saki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma ware miji da mata ba.

An ruwaito cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, wanda shi ne First Bank na yau, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Duk da haka an san shi da sauƙin ci da sauƙin tufafi, da yawan kai mutane aikin hajji.

A 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ga alamar ajali, sai ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su yayyaga kamfanin. Wanda ya san abin da ya faru a Bebeji shekara 70 kafin nan zai fahimci dalilinsa. Amma fa a lura, irin wannan wasiyya nasiha ce, ba ta ɗage rabon da Allah ya yanka. Dole a ƙididdige rabon kowane magaji ya san shi, sa'an nan idan sun yarda su bar shi a haɗe a matsayin tarayya. Matar mamaci tana cikin magada, kuma rabonta sumuni ne idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, matan su raba tsakaninsu. Mu ɗauka mutum ya bar naira 800,000 bayan an biya bashi, da 'ya'ya da mata huɗu. Naira 100,000 ce tasu, kowace ta tashi da 25,000. Ke nan matar da ta zuba jarinta cikin kasuwancin miji shekara da shekaru ba tare da shaida ba, ranar rabo kuɗinta zai shiga cikin gado, a ba ta ɗan abin da ya sauwaƙa daga gumin kanta. Da an rubuta, da bashi ne, kuma bashi ana fitar da shi kafin a taɓa gado.

Alhaji Alhassan ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Ɗansa Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960, sa'an nan Alhaji Aminu ya karɓa. Shi ma ya riga mu gidan gaskiya a watan Yuni na 2025, aka binne shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa ta wajen uwa ya fito daga wannan gida, domin mahaifiyarsa 'yar Alhaji Sanusi Ɗantata ce.