Van Helmont, mai neman ruwan da ke narkar da kome

An haifi Jan Van Helmont a birnin Burusel, babban birnin ƙasar Baljik ta yau. Ya yi karatun likita a Luban, ya gama a shekara ta 1599. A 1609 ya yi aure, ya zauna wani ƙaramin gari kusa da Burusel, yana bincike cikin ɗakinsa mai murhu da kwalabe.

A zamanin nan, masana da yawa na Turai suna neman hanyar maida darma zinariya. Shi kuwa Van Helmont wani ruwa ne ya ɗauke masa hankali, ana ce da shi alkahes. A ganinsa, ruwan nan yana narkar da dutse, da ƙarfe, da icce, har a fitar da maganin da ke ɓoye cikinsu. Ya gaskata cewa asalin kowane abu ruwa ne.

Don ya tabbatar, sai ya zuba busasshiyar ƙasa wajen kilo 90 cikin tukunya. Ya dasa ɗan icce mai nauyin kilo 2 da ƴan kai. Shekara 5 ba ya ba shi kome sai ruwa. Da ya sake aunawa, iccen ya kai wajen kilo 76, ƙasar kuwa giram 60 ma ba ta rage ba. Sai ya ɗauka ruwa kaɗai ne ya zama icce.

Awonsa daidai ne, amma ya manta da iska. Yau mun san ganye yana jan wani sashe na iska, ya haɗa da ruwa cikin hasken rana, icce ya girma. Abin mamaki, shi ne ya gane irin iskar nan tana fita daga gawayi mai ci, kuma shi ya ƙago kalmar gaz.

A 1634 hukumomin coci suka tsare shi saboda wani littafinsa. Ya rasu a 1644. Ɗansa ya buga rubuce-rubucensa a 1648.

Ba wanda ya taɓa samun alkahes, don babu shi. Amma Van Helmont ya bar wa masu bincike sikeli: a auna kafin a yi magana.

Tambayoyi

1. Me ya sa ya busar da ƙasar kafin ya auna ta?
2. Daga ina nauyin iccen ya fito?
3. In akwai ruwan da ke narkar da kome, cikin wace tukunya za a ajiye shi?