Henry Phillips: Mai Sunan Da Ke Kan Sukundireba

Duk mai gyaran rediyo ko fanka a Nima da Maamobi ya san sukundireban nan da ake canza wa baki. In ka duba bakunan, za ka ga wasu an rubuta PH1 ko PH2. Wannan PH ɗin daga sunan wani mutum aka ɗauko shi: Henry Frank Phillips.

An haife shi a Amurka a 1889, ya yi kasuwanci a birnin Portland. Ba shi ya ƙirƙiro kusa mai kan gicciye ba. John P. Thompson ne ya zana irin wadda ake kira Phillips, amma kamfanoni suka ƙi karɓa, sai ya sayar wa Phillips.

Phillips ya gyara zanen, ya shawo kan American Screw Company ta ƙera. Amfaninta a fili yake: tsohuwar kusa mai tsaga ɗaya kan sa baki ya zame, ya ƙarje fenti ko ya ji wa hannu ciwo. Ita kuwa mai gicciye, baki na shiga sai ya zauna a tsakiya da kansa, abin da injin ɗauri ke buƙata kenan. A 1936 General Motors ya sa ta a motar Cadillac, sauran masana'antu suka bi sahu.

Rashin lafiya ya sa ya bar aiki a 1945, ya rasu a 1958. Thompson ya yi zane, amma sunan wanda ya kai shi kasuwa duniya ta riƙe.