Tsai Lun, Bawan Fada Wanda Ya Ba Duniya Takarda

A shekarar 1978 wani Ba'amurke, Michael Hart, ya wallafa littafi inda ya jera mutum 100 waɗanda a ganinsa suka fi kowa sāke zaman duniya. Ya sa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a farko. Amma da muka kai ga na bakwai sai muka tarar da sunan da ko malamanmu da yawa ba su taɓa ji ba, watau Tsai Lun, mutumin ƙasar Sin. An sa shi gaba da Iskandari Mai Girma da Napoleon, alhali kuwa bai taɓa cin ko ƙauye da yaƙi ba.

An haifi Tsai Lun a kudancin Sin, a lardin da yanzu a ke kira Hunan. Wajen shekara ta 75 bayan haihuwar Annabi Isa ya shiga fadar sarakunan Han, yana ɗaya daga cikin babanni masu hidimar cikin gida. Hazaƙarsa ta sa aka yi ta ɗaukaka shi, har aka ɗora shi bisa masu ƙera wa sarki takubba da sauran kayan aiki.

A zamanin nan mutanen Sin bisa tsagin gora su ke rubutu, ko kuwa bisa siliki. Gora ga nauyi, siliki ga tsada, saboda haka littafi sai gidan mai hali. Tsai Lun ya tara ɓawon itace, da zaren wani tsiro mai kama da rama, da tsummoki, da tsofaffin tarun masunta. Aka jiƙa su, aka kirɓa har suka zama kamar kunu, sa'an nan aka tace bisa rariya, aka shanya. A shekara ta 105 ya kai wa Sarki abin da ya samu, Sarki ya yaba ƙwarai. A 114 aka naɗa shi sarauta, aka ba shi gidaje 300 su riƙa kawo masa haraji.

To, amma zaman fada ba ya rasa ƙaya. Tun yana sabon shiga, uwargidan Sarki ta sa shi ya tuhumi kishiyarta, wata mai suna Song, bisa ƙazafi, har matar ta sha guba ta mutu. Ana nan, ana nan, sai jikan matar nan ya hau gadon sarauta. Da ya sami cikakken iko a shekara ta 121, ya aika Tsai Lun ya bayyana gaban shari'a. Shi kuwa ya san abin da ke jiransa. Ya yi wanka, ya sa tufafinsa mafi kyau, ya sha guba. Abin da ya shuka shekara kusan 40 da suka wuce, shi ya girba.

Mai aiki ya tafi, aiki ya wanzu. Sana'ar takarda ta isa Samarƙandi a ƙarni na 8, daga can ta shiga Bagadaza, sa'an nan Musulmin Andalus suka kai ta Turai. Mu ma nan, fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da ita daga Tarabulus zuwa kasuwar Kano, malamanmu suka sami abin kwafar littattafai.

Gaskiya ne masu tonon kufai sun sami guntayen takarda a Sin waɗanda suka girmi Tsai Lun da shekaru fiye da 200. Saboda haka ba shi ya fara ta ba, gyara ta ya yi, ya sauƙaƙa ta, ya sa fada ta karɓe ta. Duk da haka ba mu ga laifin matsayin da aka ba shi ba. Abin da ya kamata mu lura da shi, jerin nan ba kirkin mutum ya ke aunawa ba, nisan inda aikinsa ya kai ne. Daulolin mayaƙa sun watse, amma takarda tana hannun kowane ɗan makaranta. Muna roƙon malamai, ran da suka raba wa yara littattafan rubutu, su faɗa musu sunan mutumin nan, da alherinsa, da kuskurensa.